Kibiyar Saudatu

Ni Jauro, tsohon akawun auduga,
da na ƙarar da idona kan allurar sikeli,
yau aikina ɗaya ne a gidan nan na Jekadafari:
kada kwamfutar Saudatu ta mutu.

Ranar tafiyarta ta ja ni ɗakin baya,
ta ce, Baffa, wannan ta fi ƙarfin jaka,
duk taswirar kwazazzaban Gombe na cikinta,
tun daga Bolari har inda ruwa ya cinye katangar Audi makaniki.
Ka bar ta a kunne, zan riƙa shigowa.
Na ce, ta ina?
Ƙofar gidan nan ɗaya ce, ni ke sa mata sakata.

Ta yi dariya, wai rami ta haƙa irin na gafiya,
baki ɗaya nan, ɗaya can ƙasar da rana ke makara.
Duk abin da zai bi ta ciki sai an hautsina shi,
ko wani ya tare hanya ya cafke
ba zai tsinci komai ba sai ƙaiƙayi.
Kwado na nan, mabuɗi na hannunta.
Na ce to.
Ban gane ba, na dai ce to.

Mu a zamaninmu direban gingimari muke ba wasiƙa,
mu liƙe bakinta da ƙaro,
kafin ta kai Jos rabin tasha sun san mai bin wani bashi.

Daren farko na leƙa in ga ko batir ya riƙe,
sai ga gilashin ya waye shi kaɗai,
wata 'yar farar kibiya na yawo,
ba hannu, ba kowa bisa kujera.
Na ja a'uziyya.
Uwarta ta saki ludayi cikin fura, ta ce a kira liman.

Ni ko na tsaya kallo.
Kibiyar ta je kan wani hoto, ta fasa,
ta zagaya sau biyu, ta dawo, sannan ta taɓa.
Na ce, Dudu, bar liman ya yi barcinsa.
Haka yarinyar nan ke zagaya akushi
kafin ta ɗauki tsokar da tun farko take so.

Tun daga nan na san lokacin tashinta,
na san ranar da ta gaji, kibiyar na jan ƙafa,
na san ranar da malaminta ya ɓata mata rai,
tana rufe shafuka kamar mai buga ƙyaure.

Wani dare a Agusta ruwa ya kece,
aka ɗauke wuta, batir ya fara kukan tsako.
Na kashe fanka, na kashe firji,
na kashe ƙwan tsakar gida,
na zauna sauro na karɓar zakkarsa.
A gilashi ga unguwarmu daga sama,
tana ja wa kwazazzabo jan layi,
ni ko ina jin rurinsa da kunnena bayan masallaci.

Sai kibiyar ta tsaya cik.
Minti biyar. Goma.
Zuciyata ta ce hanya ta yanke, ko ita ce ba lafiya.
Na miƙa hannun da ta hana ni miƙawa,
na ɗan tura abin nan mai kama da ɓera.
Kibiya ta gusa hagu.
Na saki.
Ta dawo dama da kanta.
Na sake turawa, ta sake dawowa.

Wani farin shafi ya buɗe,
baƙaƙe suka fito ɗaya bayan ɗaya:
Baffa, je ka kwanta.

Na daɗe ina laluben harafi da yatsa guda
kafin na samu biyun da nake nema.
Na rubuta mata: to.
Na gyara zama.